Dutsen Murhu a Hawan Mambila

Ku matso. Ke Ummita, in kin san kuka za ki yi mana, tashi tun yanzu ki bi Inna ɗaki. Ba ni da lokacin lallashi.

Kun san abin da ya sa Kawu Nalado yake tsoma ƙafarsa ta dama a bokitin ruwa kullum da magariba? Sanyin ƙashi, ko? Haka ake gaya wa yara. Kai Shamsu, babanka ne, buɗe kunnenka.

Da kaka ne, ruwa ya ɗauke. Mamanka tana da tsohon ciki, cikinka. Kwaɗayin wasu matan tsamiya ne, nata kuwa ganin duwatsun Mambila. An ba ta labarin yadda ganye yake komawa ja a wannan lokaci, ciyawa ta yi ruwan ɗorawa har iyakar gani. Kawu ba ya iya ce mata a'a. Ya ɗauko tsohuwar motarsa, wadda birkin hannunta ya daɗe da mutuwa.

A garin Serti, kafin a fara hawa, wani tsohon direba ya leƙa motar, ya ce, "Malam, ina katakonka na tare taya?"

Kawu ya ce, "Baba, dutse zan hau, zan rasa dutse?"

Tsohon ya ce, "Mu dai ba ma ɗaukar dutsen hanyar nan. Kowa da katakonsa."

Suka fara hawa. Tudu a hagu, rami a dama, ramin da ba a ganin ƙarshensa. Mamanka tana ta nuna bishiyoyi tana murna. Da la'asar sakaliya, a tsakiyar wata kwana, mota ta yi tari ta mutu. Ya sa giya, amma tana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ƙofar mamanka kuma a bakin rami take.

Ya diro. Gindin wata bishiya mai jan ganye ya ga duwatsu uku a jere. Ya suri ɗaya ya cusa bayan taya. Mota ta tsaya.

Sai ya dubi hannunsa. Baƙi ƙirin, irin baƙin gindin tukunya. Kuma dutsen da ɗumi.

Gajimare ya sauko ya rufe hanya. Wata mata ta fito daga ciki, doguwa, da ludayi a hannu. Tana taka busasshen ganye, amma ko ƙaras bai ji ba. Ya dubi ƙafafunta. Yatsun suna kallon inda ta fito.

"Sannu, baƙo."

A gabansa take, amma muryar daga bayan kunnensa ta zo.

"Tukunyata ta karkace. 'Ya'yana ba su ci ba. Ba ni dutsena."

Ya ce, "Inna, ki yi wa Allah. In na cire, matata za ta faɗa rami. Ciki gare ta."

"Na gani."

"Bari in nemo wani."

"Nemo."

Ya waiga ko'ina. A kan dutse yake tsaye, amma wallahi ko tsakuwa babu, sai ganye. Ya buɗe baki zai kira mamanka ta fito ta ɗaya ƙofar, murya ta ƙi fita. Ya buga gilashi. Tana ciki tana kallon bishiyoyi, tana murmushi, hannunta a kan ciki. Ba ta ganinsa, ba ta jinsa. Ni duk lokacin da na zo nan wurin a labarin sai tausayinsa ya kama ni.

Matar ta sunkuya, ta kama dutsen da yatsu biyu. Taya ta motsa.

Babu dabara, babu mataimaki. Kawu ya tura ƙafarsa inda dutsen yake.

Ya ce bai ji zafi ba. Sanyi ya ji, ƙafar ta yi nauyi, ta daskare. Mota ta tsaya cak.

Matar ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta ce, "Wannan ya fi nawa ƙwari. Zan riƙa ara." Ta shige gajimare.

Can sai ga Landiroba ta hawo. Direbanta ya sa katakonsa, shi da yaron motarsa suka zare Kawu. Ƙafa ba karaya, ba jini, sai baƙin hayaƙi har idon sawu. Direban ya duba, ya kau da kai, ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Mamanka kuwa cewa ta yi, "Har an gyara? Yanzun nan fa ka fita."

Tun daga ranar, da zarar magariba ta yi, matar ta hura wutar tuwo, ƙafar Kawu sai ta ɗau zafi kamar an ɗora mata tukunya. An yi rubutu, an yi turare, an je asibiti. Sai ta sauke girki yake samun sauƙi. Ku lura gobe, za ku ga ruwan bokitin yana tururi.

Saboda haka in kun girma, kada wanda ya hau Mambila babu katako, babu abokin tafiya da ya san hanya. In kun ga dutse uku a jere, ku yi sallama ku wuce.

Kai kuma Shamsu, ɗazu na ji ka kana gunaguni da aka ce ka ɗebo masa ruwa. Gobe kada ka bari a kira ka.