Jiga Talatin da Biyu Sun Isa

"Nasiratu! Kawo wa baƙi ruwa, ki zo ki gaida yayanku!"

Muryar mahaifinta Malam Abdurazak ce daga zaure. Nasiratu ta gyara mayafi, ta ɗauki kwanon ruwan sanyi ta fita. Baƙin ba ƙanana ba ne. Attahiru ne, wan Abdulrahim ɗin da za ta aura, ya dawo daga Abijan bayan shekara takwas, ya zo da kawunansu biyu daga Barmu a tsai da ranar biki. Tun rasuwar mahaifinsu, maganar Attahiru ce magana a gidansu.

Ta durƙusa ta gaishe su. Attahiru na ba dattawa labarin zauren wasannin kwamfuta da zai buɗe a Tawa, da babbar na'urar da zai kafa a tsakiya.

"Ram ɗinta kaɗai jiga ɗari da ashirin da takwas za ni sa! Duk Adar babu irinta."

Malam ya yi murmushi. "Ai ɗiyar tau aikinta ke nan, shi ta karanta. Nasiratu, mi kinka gani?"

Da ta yi shiru da an tashi lafiya. Amma dariya ta kuɓuce mata, 'yar ƙarama, kowa kuwa ya ji.

"Yaya, ai ya yi yawa. Ram kamar tabarma ce da kwamfuta ke shanya aikin da take yi a kai. Wasannin yanzu jiga talatin da biyu ya ishe su. In za a riƙa ɗaukar bidiyo ana cikin wasa, a sa sittin da huɗu. Sauran zaman banza zai yi. Kuma sai an sa baret huɗu manya, wato sandunan ram ɗin, su kuwa a uwar allo guda sukan yi gardama. Gara a ƙara wa katin hoto ƙarfi, a sa fankoki masu kyau saboda zafin garin nan."

Ɗaya daga cikin kawunan ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Fuskar Attahiru ta canja.

"Wato ban san abin da nike yi ba?"

"Ba haka nike nufi ba, Yaya..."

"Malam, mun gode da ruwa." Ya miƙe yana kaɗe rigarsa. "Zancen rana a dakata tukuna."

Kafin la'asar labari ya zagaya dangi, yana tafiya yana ƙaruwa. Wai yarinya ta yi wa wan mijinta dariya gaban manya, wai ta ce masa jahili. Mahaifiyarta, Inna Raƙiya, ta same ta a ɗaki tana kuka.

"Kin ga abin da bokonki ya ja muna? Tashi ki kira shi, ki ce kuskure kinka yi, lissahinsa shi ad daidai!"

"Inna, dariyar kuskure ce, zan ba shi haƙuri. Amma in ce lissafinsa daidai ne? Asara zai yi ina kallo."

"Asararsa ko aurenki, wanne ya hi?"

Nasiratu ta share hawayenta. Ta rubuta wa Attahiru saƙon ban haƙuri a waya, ya karanta bai mayar ba.

Bayan kwana uku Abdulrahim ya zo da hantsi, ya tsaya a ƙofar gida bai ko kashe babur ba. Idanunsa sun yi ja.

"Yaya ya ce ko ki janye maganarki gaban kawunanmu, ko in nemi wata. Nasiratu, kalma guda ce fa! Shi ya riƙe ni, shi ya yi mini karatu. Ya zan yi?"

"Kai ma kana ganin ƙarya na yi?"

"Na san gaskiya kika faɗa. Amma ina tsoron in rasa ki."

"In na fara zama da ku da ƙarya, da me zan ci gaba?" Hawaye ya zubo mata. "Kada ka yi faɗa da yayanka saboda ni. Mu yi haƙuri, Allah na gani."

Ya dube ta ya ce, "Ba zan nemi wata ba. Ko shekara nawa ne."

Wata biyu suka shuɗe, babu zance, babu aike. Nasiratu ta rame. Tana zuwa shagon gyaran da take aiki ta dawo, mata na nuna ta da baki a hanya. Ta ji an ce wani ɗan kasuwa a Yamai ya yaba wa Attahiru basirarsa, ya haɗa masa na'urar da baret huɗu cif, yadda ya so.

Ana gobe buɗe zauren wasannin, da azahar, sai ga Abdulrahim ya yi sallama da Malam, gumi ya jiƙe masa riga. Na'urar ta ƙi. Da an shiga wasa sai ta daskare, allon ya koma shuɗi, ta mutu. An kira masu gyara biyu sun kasa, ɗan kasuwan Yamai ya daina ɗaukar waya, ga shi an riga an gayyaci mutane.

"Yayanka ya aiko ka?" in ji Malam.

"A'a, Baba. Ni na zo."

Malam ya dubi 'yarsa. "In kin tahi, yana iya koro ki."

"Mu je, Baba."

Suka tarar da zauren cike da samari, kowa na faɗin tasa. Attahiru na tsaye kan na'urar. Da ya gan ta sai ya haɗe rai.

"Kin zo ki ƙarasa dariyar?"

Nasiratu ta durƙusa har ƙasa. "Na zo in ba ka haƙuri ne, Yaya, baki da baki. In ka yarda kuma in duba. Amma don Allah a ba mu wuri."

Sai ya juya ya daka wa samarin tsawa suka fice. Ta buɗe murfin na'urar. Idan matsalar ba inda take zato ba ce fa? Ta yi bisimilla, ta zare baret biyu, ta gyara zaman biyun da suka rage, ta shiga saitin uwar allon ta daidaita gudunsu. Ta kunna. Abdulrahim ya ɗauki abin wasan ya shiga tseren motoci.

Minti biyar. Minti goma. Rabin awa ta wuce motar na gudu sumul. Nasiratu ta nuna wa Attahiru wani ɗan ma'auni a gefen allo.

"Sittin da huɗu ke ciki yanzu. Dubi abin da wasan ke ci, ko ashirin bai kai ba. Waɗannan biyun ba su lalace ba, za su yi wa wata na'urar aiki."

Attahiru ya zauna a kujera. "Don mi kinka ce a hidda yaran?"

"Na taɓa faɗa maka gaskiya a inda bai kamata ba, ta hanyar da ba ta kamata ba. Ba na son in sake."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya ɗago, sai ya dubi Malam.

"Baba, ku gahurce ni. Wanda ya yabe ni ya cuce ni, wadda na wulaƙanta ta ruhe mini asiri. Jibi kawunanmu na tahe. Ranar da kunka zaɓa, ita ce."

Abdulrahim ya saki abin wasan, motar ta daki katanga, bai ko kula ba.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, Attahiru da kansa ya yi wa ƙanensa walicci, aka kai amarya ana guɗa.

'Yan'uwa, kada son wani ya sa ku sayar da gaskiya, kada kuma sanin gaskiya ya sa ku manta da ladabi. Ku manya, mai gaya muku abin da ba ku son ji ba lalle maƙiyi ne ba. Nasiratu ta riƙe gaskiyarta, ta gyara kuskurenta, ta yi haƙuri, Allah kuwa bai bar ta ta taɓe ba.