Cigiyar Mai Cindo

Rana ta kusa faɗuwa Sajan ya goya tsohuwar a bayan babur ɗinsa, ya kama hanyar bayan gari zai kai ta wurin ɗanta. A ganinsa aikin minti ashirin ne. Ya sauke ta, ya zazzage wa ɗan nan maganganun da ya ƙunso, ya koma gida ya cire takalmi.

Shekararsa goma sha tara a teburin cigiya na caji ofis, kuma in dai nemo mutum ne, to a bar wa Sajan. Ba shi da wata na'ura, ƙafa ce da baki da haƙuri. A ba shi rabin lambar waya, ko laƙabi da sana'a, ko tambarin tela a wuyan rigar gawa, kafin kwana biyu ya tsaya a ƙofar gidan dangi yana sallama. Da bakinsa yake cewa ba a haifi wanda zai ɓace masa ba. Mutumin kirki ne, ba na musu, amma wannan cika bakin kam yana da shi, kuma shi ya ja masa.

Da hantsi aka tarar da tsohuwar zaune a bencin da ke gaban kantar ofis, ba wanda ya ga shigowarta. Kofur mai tsaron kantar ya rubuta ta a littafi ya tura ta wurin Sajan. Ta ce ɗanta take nema, sun daɗe da rabuwa. Aka tambayi sunansa, ta ce tsufa ya cinye. Aka tambayi nata, ta yi murmushi. Abu uku kaɗai ta riƙe: bahago ne, yana da cindo a hannun dama, wato yatsa na shida, kuma gyaran keken ɗinki yake yi.

Sajan ya yi dariya ya ce ai wannan har lambar gida ta ba shi. Ya nufi layin teloli, don ya san babu telan da ba ya rubuta lambar mai gyara a bango. Bai tambayi suna ba. Shago shago ya bi yana tambaya, da wane hannu mai gyaranku yake riƙe sukudireba? A shago na bakwai telan ya ɗago kai ya ce to Cindo ake nufi. Ga lambarsa can bayan ƙofa da gawayi. Ya ƙara da cewa mutumin ba ya faɗin sunansa na yanka, ba shi da allo a shago, kuma wurinsa na can bayan masu yankan katako, kwanar hagu in an wuce gada.

Wannan bayanin bai yi wa Sajan daɗi ba. Mai sana'ar da ke ɓoye sunansa, ai da walakin.

Ya kira lambar, ya gabatar da kansa, ya ce ga mahaifiyarsa nan a ofis tun safe. Sannan muryar ta ce:

“Ba ni da uwa. Da hannuna na sa ta a kabari, shekara goma sha ɗaya.”

Aka kashe.

Ran Sajan ya ɓaci. Wannan ƙaryar ya sha jin ta daga bakin ’ya’yan da suka ga uwa ta zama kaya. Shi kuwa tasa uwar ta rasu yana wurin aiki a nesa, ko fuskarta bai gani ba, kuma abin bai taɓa barin ransa ba. Ya dubi tsohuwar nan, ’yar guntuwa, mai ƙusumbi, har riƙon mayafinta irin na tasa. Bai gaya mata inda ɗan yake ba. Cewa kawai ya yi, Iya tashi in kai ki.

To ga su a hanya. Gidaje suka fara yin nisa da juna, sannan suka ƙare. Sai ciyayi da kukan kwaɗi, sai ƙarar babur. Tun da suka taso ba ta tambaye shi yadda aka yi ya gano ɗan ba, ba ta tambayi ko yana lafiya, ko ya yi aure ba. Uwar da ta yi shekara da shekaru ba ta ga ɗanta ba! Abu ɗaya take maimaitawa a bayan kunnensa: mun kusa?

Babur ya fara nishi, alhali hanya shimfiɗe take ba hawa. Ya sauke giya. Tayar baya ta lotsa kamar ya ɗauko buhun siminti uku. Ya ce a ransa iska ce ta yi ƙasa.

Sai ya ji bayan rigarsa ya jiƙe. Ba gumi ba ne, don sanyi ne da shi har cikin ƙashi. Wani wari ya biyo baya, warin laka da gansakuka, irin na tsohuwar rijiya in an ɗaga murfi.

Waya ta yi gurnani a aljihunsa. Ya tsaya a gefen hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗauka. Cindo ne, yana magana ƙasa-ƙasa.

“Ranka ya daɗe, tana ina?”

“Tana bayana.”

Sai magana ta ɓarke wa Cindo da sauri. Wai mahaifinsu ne ya cike wata rijiya ya gina ɗaki a kai, aka hana shi ya ƙi ji. Tun daga nan abin da ke ciki yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya iya gano mutum da kansa, sai ɗan Adam ya nuna masa hanya. Babban wansu, gidan rediyo ta je a matsayin matarsa, aka yi cigiya, wani mai tausayi ya raka ta. Na biyun, asibiti ta bi tana kukan ƙanwa ce. Shi gari huɗu ya sauya, ya jefar da sunansa, ya zaci ya sha.

Sajan ya ji labarai iri-iri daga bakin masu laifi, har ya kusa ce masa ya raina wa wani hankali. Amma ruwan nan na gangara masa har cikin bel. Ya kashe, ya kira Kofur, ya rage murya ya ce ya karanto masa abin da ya rubuta a littafi game da matar safe.

Kofur ya buɗe shafi ya karanto. Mace, matashiya, doguwa, kimanin shekara ashirin da biyar, da tsohon ciki.

Sajan ya ce ya sake dubawa. Kofur ya ce ai da idonsa ya gan ta, har hawaye ya zo masa. Kowa a ofis ya san matar Kofur wurin haihuwa ta rasu bara.

“Ɗana,” in ji muryar a bayansa, “duhu na yi.”

Bai waiwaya ba. Bai yarda ya kalli madubi ba. Ya tayar da babur, ya yanke shawara a ransa: zai wuce kwanar a guje, ya miƙe da ita har inda mai ya ƙare. Ba ta san wurin ba. Bai faɗa ba. Muddin bai karya kan babur ba, Cindo ya tsira.

Suka hau gada. Katakon gadar ya yi ƙara a ƙarƙashinsu.

Ƙamshin garin katako ya bugo hancinsa. Ga kwanar can.

Ya ƙara wuta.

To amma hannu yana da nasa hankalin. Tun azahar yake nanata wa kansa kwanar hagu bayan gada, kuma Sajan mutum ne da bai taɓa shan kwana ba tare da sigina ba, ko a dokar daji. Babban yatsansa ya danna kafin ya sani.

Fitilar hagu ta ƙyafta. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ya kashe ta, ya wuce a guje.

Can sai ya ji dariya, ’yar siririya, kamar ruwa na tsiyaya cikin rami.

Yatsu suka zagayo wuyansa, masu sanyi, masu santsi, har suka haɗu a maƙogwaronsa suka zarce. Numfashinsa ya tsaya.

“Hagu ke nan,” ta ce. “Allah ya yi maka albarka.”

Nauyin ya ɗauke gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle kamar an sake shi, ya watsa Sajan cikin kwalbati.

Da ya farfaɗo, kafaɗarsa ta goce, bakinsa cike da jini. Babur na kwance taya na juyawa. Ba kowa. Sai wani layin jiƙa a kan kwalta, ya koma baya ya karya hagu.

Da hannu ɗaya ya lalubo waya ya kira Cindo. Ana ɗauka ya ce masa ya gudu, ya bar komai, ya bi ta baya.

“Ba ƙofar baya,” Cindo ya raɗa. “Ana ƙwanƙwasawa.”

“Kada ka buɗe.”

“Na sa sakata. Ranka ya daɗe, da muryar mahaifiyata take kirana.”

Daga nan Sajan bai ƙara jin magana ba, sai ƙarar ruwa yana cika wuri.

Ya ruga shagon Cindo yana jan kafaɗa. Masu yankan katako biyu da ke shirin tashi suka taya shi ɓalle ƙofar, don sakatar tana nan a ciki yadda aka sa ta. Ɗakin a bushe yake ƙayau, kekuna a jere, kwalbar mai a buɗe. Cindo na zaune a kujerarsa, waya a hannun hagu, laka cike da bakinsa. Washegari likita ya rubuta cewa nutsewa ya yi a ruwa.

Bayan kwana uku Oga ya kira Sajan ofishinsa, hannun Sajan rataye a wuya. Ya miƙa masa wata ’yar takarda da aka ciro daga aljihun mamacin. An rubuta Auta, da lambobi shida, sauran laka ta cinye. Telan nan kuma ya ce ya taɓa jin Cindo na waya da wata ƙanwarsa mai koyarwa a makarantar kurame. Oga ya ce a nemo ta a sanar da ita ta zo ta karɓi gawar yayanta, ai wannan wurin Sajan shan ruwa ne.

Gaskiya Oga ya faɗa. Makarantun kurame nawa ne a ƙasar? Kafin ya kai ƙofa har ya san waya ta farko da zai buga. Ya fito ta gaban kantar ofis, ya tarar da benci cike da masu jira, maza da mata, kowa da fuskar tausayi, kuma ya rasa wanda zai yarda da shi a cikinsu.

Ya shiga banɗaki, ya tauna takardar ya haɗiye. Ya dawo ya rubuta a fayil cewa an bincika ba a samu dangi ba. Oga ya yi faɗa, ya ba shi takardar gargaɗi ta farko a rayuwarsa. Hukuma ta binne Cindo, Sajan da telan nan ne kaɗai suka raka shi.

Yanzu a ofis cewa ake Sajan ya tsufa, hancinsa ya toshe. Abin da ke cin ransa shi ne ya san akwai wata malama a wani gari da ke duba wayarta kullum, tana jin haushin yayanta da ya daina kira. Zai iya gaya mata gaskiya kafin la'asar. Ya bar ta tana jin haushin.