Ƙudajen Awo a Rumbun Sanyi

Da hantsi aka buɗe gwangwanin, ƙudajen awo suka tashi buu, su ɗari uku, kowanne bai fi ƙwayar gujiya ba. Na ƙarfe ne, masu fiffike. Suka watsu cikin Rumbun Sanyi na birnin Kwarin Gawo, wasu suka maƙale a rufi, wasu a bayan kantoci, wasu suka lafe a ƙasa. Aikinsu ɗaya ne, su ɗanɗani zafin inda suka sauka su aika wa allon bango. Bayan kwana uku allon ya zana taswirar ɗakin. Shuɗi sanyi ne, ja kuwa zafi. Doka ce ta ce duk inda ake ajiye magani a auna shi lungu-lungu kowace shekara, kada ya haura digiri takwas.

Bana ma taswirar ta fito shuɗiya tas, kamar an tsamo ta daga marina.

Tabawa mai shara ta tsaya gaban allon ta ja tsaki. Ba ta san bihim ba a boko, amma shekara ashirin da biyu tana sharar ɗakin nan da hannu, don injin shara yana fitar da ɗumi, an hana shi shiga. Mijinta Malam Nata'ala yana da ciwon suga, kuma daga wannan rumbu allurarsa take fitowa. Bai taɓa tsallake rana ba. Duk da haka watan jiya aka yanke masa ƙafar hagu, likita ya ce maganin ya mutu tun a kwalba. Yanzu babban yatsan dama ya fara duhu.

Ta san abin da ya kashe maganin. Kowa ma ya sani. Baba Mati, tsoho mai kula da sito, wanda ya koya wa duk ma'aikatan aiki, sanyi yana cin gwiwoyinsa. Kullum daga hantsi zuwa la'asar sai ya tokare ƙofar gabas da butarsa, ya zauna a bakinta yana shan rana. Kantar allurar suga kuwa taku huɗu ce daga ƙofar. Wa zai iya buɗe baki ya ce wa Baba ya tashi? In kamfanin awo zai zo daga waje, sai a yi musu abin da ake yi wa baƙo: a share, a goge, a rufe ƙofofi, a ce wa Baba ya je gida ya huta kwana uku.

Ranar Litinin shugaban rumbun, Injiniya Haladu, ya tara ma'aikata. Ya ce za a zaɓa: ko a ci gaba da kiran kamfanin waje, ko rumbu ya sayi nasa ƙudajen, 'yan gida su riƙa awo da kansu. Wakiliyar kamfanin, Dakta Raliya, tana zaune gefensa.

Tabawa ta shigo ba sallama.

"Goggo, taron manya ake," in ji Injiniya.

"Na girmi uwarka, Haladu. Zauna." Ta nuna Dakta da tsintsiya. "Ke 'yar nan, wane gida kika taɓa zuwa baƙunta aka nuna miki bayan ɗaki?"

"Goggo, na'urarmu ba ta ƙarya," in ji Dakta.

"Ban ce tana yi ba. Ku kuke ba ta ƙarya a baki ta haɗiye. Kuna aiko takarda sati biyu kafin ku zo, har a yi muku turare."

Wani ya ce to ai shi ke nan, sai a koma awon gida.

"Awon gida?" Ta juya ta kalle su ɗaya bayan ɗaya. "Waye a cikinku zai rubuta sunan Baba Mati da hannunsa? Ya ɗaga yatsa in gani. Baƙo bai san mu ba, mu kuma kunyar juna muke ji. Tsakanin rashin saninsu da kunyarku aka yanke wa mijina ƙafa."

 Baba Mati yana can ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai yana murza gwiwa.

"Me kike so a yi?" Dakta Raliya ta tambaya a hankali.

"Ƙudajenku, ranata. Ki ba ni gwangwani, ni zan saki abina ran da na ga dama, ba wanda zai sani."

Injiniya ya ga idon mutane a kansa, ya sa hannu. Sai dai Dakta ta gargaɗe ta: awon ba-zata kai tsaye yake tafiya wa na'urar hukuma, kuma na'urar ba ta jin roƙo.

"Dama ba roƙo na zo yi ba," in ji Tabawa.

Sati guda Baba Mati ya daure ya bar ƙofa a rufe. A rana ta tara gwiwoyi suka fi ƙarfinsa, buta ta koma wurinta. Ranar Tabawa ta laɓe a bayan kantoci, ta kwance bakin zanenta inda ta ɓoye gwangwanin, ta buɗe shi.

Da kwana uku suka cika, allon ya fito da wani jan harshe tun daga ƙofar gabas, ya lashe kantar allurar suga, ya zarce har ta rigakafin yara. Digiri goma sha tara. Kafin Injiniya ya ɗaga waya, ƙofofin rumbun sun kulle kansu. Hannayen ƙarfe suka sauko daga rufi suka kwashe duk maganin, mai rai da matacce, suka zuba a tanderu. Allon ya rubuta cewa sabon magani zai iso nan da kwana goma sha ɗaya. Mutum dubu arba'in ne suke karɓa a nan.

A bakin titi mata suka taso mata. Wata ta ce da Tabawa ta yi shiru ai ko rabin magani da ana samu. Tabawa ta ce, "Rabin magani shi ya ba ni rabin miji. Matsa in wuce."

Baba Mati ta tarar zaune a kan dakali, an sallame shi. Ta tsaya.

"Baba, ban so ta kai ka nan ba."

"Na san abin da nake yi, Tabawa. Shekara shida ina jiran wani ya hana ni."

Ta hau jirgin ƙasa zuwa birnin da ke gaba, ta yi layi tun safe har azahar, ta samo kwalba huɗu na allurar mijinta. A gida ta jiƙa yashi a cikin randa, ta binne su, ta rufe da faifai, ta ja randar zuwa inuwa.

Malam Nata'ala yana kallonta daga tabarma. "Birnin da ya ƙera ƙuda da ƙarfe, yau ya koma randa?"

"Randa ba ta jin kunyar kowa," ta ce, tana tusa hannu ta ji sanyin yashin. "Miƙo ƙafar in ga yatsan."