Ceɗiyar da Ke Cikin Hoto

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, Mai Zane yana zaune a falo da kwamfuta a cinya, yana gyara hasken taga a hoton wani bene da ko tubalin farko ba a aza ba. Aikinsa ke nan: a ba shi taswirar gini, ya mai da ita hoton da mai kallo zai rantse da kyamara aka ɗauka. Matarsa tana kicin. Auta, 'yarsu mai shekara sha huɗu, tana shanya kayan makaranta a tsakar gida. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ya ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ya leƙa waje, layin babu kowa. Da matar ta buɗe tukunya, sai ta tarar da garin katako a saman miya, ɗanye, yana ƙamshin itacen da aka yanka yanzu.

Kwana biyar ana haka, kullum da faɗuwar rana. A rana ta shida Auta ta daina cin abinci. Takan tsaya a tsakiyar tsakar gida ta ɗaga hannuwa sama, ba motsi, har sai an ɗauke ta. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa gogan, mutumin da ke da bayani a kan komai tun daga farashin siminti har tafiyar gajimare, bakinsa ya mutu. Tun ranar da ya shaƙi garin katakon nan gabansa yake faɗuwa, amma bai gaya wa kowa dalili ba.

Surukinsa ne ya zo da Malam, wani dattijo siriri mai sanyin murya. Bayan sallar magariba aka zaunar da Auta a tabarma, uwar ta riƙe ta, Malam ya fara karatu. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kauri, marar gaggawa.

"Sassauta, Malam. Ba da kai muke ba."

"Wace ce ke, kuma me yarinya ta yi muku?"

"Yarinya ba ta yi komai ba. Ubanta ya san mu. Kwana uku ya yi a gindinmu."

Duk aka juyo aka dube shi. Ya sunkuyar da kai.

Gaskiya ta faɗa. Wata takwas da suka wuce, ogansa ya jefa masa hoton wani rukunin shaguna da ya zana a tebur, ya ce itatuwan kamar na roba, mutanen kamar gumakan shagon tufafi, ba wanda zai yarda da wannan. Abin ya ci masa rai. Ya ɗauki kyamara ya tafi filin da za a yi ginin, inda wata tsohuwar ceɗiya take, wata tsohuwa kuma tana sayar da sabulu da ashana a ƙarƙashinta. Ya ɗauki ɓawon itacen tsaga bayan tsaga. Ya lura inuwar ganye ba baƙa ba ce, tana da ɗigo-ɗigon haske masu rawa. Ya auna inda take kaiwa da hantsi, da inda take kaiwa da la'asar. Tsohuwar ta matsa masa a benci, ta ba shi ruwa, shi kuma ya ɗauke ta tana dariya ya sa ta a hoton, ita da teburinta. Hoton ya yi kyau har aka buga shi a ƙaton allo a bakin filin.

"Mutanen unguwa sun tashi za su hana ginin saboda itacen," in ji muryar. "Da suka ga allo, suka ga itace a tsaye, suka ga tsohuwa tana dariya, kowa ya koma gida. Malam, tambaye shi me ke wurin itacen a taswirar da aka ba shi."

Malam bai tambaya ba, ya dai dube shi.

"Wurin ajiye motoci," in ji Mai Zane. Da ƙyar aka ji shi.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, ka sani?"

Ya kasa kallonta. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke jin nauyin tufafin jikinsa. Hoton nan yana rataye a falonsu, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa.

Malam ya ce, "Ba shi ya sare itacen ba. Me ya hana ku bin mai zarto, ko mai filin?"

"Waɗannan da fuskarsu suka zo, mun gan su mun san su. Wannan baƙunta ya yi. Ya sha inuwa, ya sha ruwa. Tun da muke a itacen nan ba wanda ya taɓa kallonmu da kyau kamarsa, har muka ji daɗi. Ya raba mu da gida, mun zo nasa. A bar mana yarinyar."

"Ba za a bar muku ba. An zalunce ku, amma zaluntar marar laifi ba ta halatta gare ku ba. Ki faɗi abin da zai yiwu, ko na ci gaba da karatu."

Auta ta yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi.

"Ya cire mu daga hoton. Sannan ya je wurin tsohuwar mai sabulu ya faɗa mata gaskiya da bakinsa, kafin rana ta sake faɗuwa. In ya tauna maganar, za mu dawo, kuma ba da dutse ba."

"Ka ji?" in ji Malam.

"Na ji. Na ɗauki alkawari."

Jikin yarinyar ya saki, ta yi atishawa, ta ce yunwa take ji.

Cire itacen bai ɗauke shi minti goma ba. Abin da ya rage gini ne da kwalta da rana. Ya tura wa oga tare da bayani, ya kashe wayarsa. Washegari, zuwa wurin tsohuwar ne ya yi ta ja har bayan la'asar, sai da matarsa ta ajiye masa takalmansa a gabansa.

Ya same ta a tsallaken titi, jikin wata katanga, ta kare kanta da kwali. Tana ganinsa fuskarta ta washe.

"Ɗana mai hoto! Wallahi kana raina. Mutanen nan sun yi ta zaginka, na ce su ji tsoron Allah, yaron nan shi ma cutarsa aka yi. Wanda ya zauna kwana uku yana kallon itace haka, ai ba zai yarda a taɓa shi ba. Har faɗa na yi saboda kai."

Rana tana dab da rufin shagunan. Da zai yi shiru, da ta ci gaba da sa masa albarka har ya tafi. Ya tuna da Auta a tsakar gida, hannuwa a sama. Ya durƙusa.

"Iya, ba a cuce ni ba. Na sani. Tun ranar da na fara zuwa na sani."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta zage shi ba, ko da yake ya so ta yi. Wata mata ta tsaya tana tambayar sabulu, tsohuwar ta juya gare ta, ta miƙa mata, ta shiga jera ashana ɗaya bayan ɗaya. Yana durƙushe har aka kira salla, ba ta ƙara dubansa ba.