Ranar da Gari Ya Nemi Inna Azumi

Shahuna suna shawagi a kan unguwar Bakin Gulbi, jere reras, kowanne ya kafa idonsa na gilashi a ƙasa. Ƙananan jirage ne marasa matuƙi, ba su fi faifai faɗi ba, amma ko kaza ce ta motsa a cikin ciyawa sai sun ji ɗumin jikinta.

Duk abin da suka gani yana wucewa ne wajen Lalube, babbar na'urar Cibiyar Ceto ta birnin Tudun Haske. Ita aikinta lissafi. Takan yanka gari yanki-yanki, ta auna abu biyu: yiwuwar wanda ya ɓata yana wurin, da yiwuwar a gan shi in har yana nan ɗin. Shahuna na share yanki ba su ga kowa ba, sai ta rage kasonsa, ta tura su gaba.

Injiniya Tasi'u ne ya ƙara mata abin da ya yi suna da shi, wato Idon Gari: hotunan Shahuna su riƙa fitowa kai tsaye a wayar kowa da manyan allunan kan titi, wai in na'ura ta kuskure wani ɗan gari zai hango. Har lambar yabo aka rataya masa. To, yau ga gwanin a gaban allo, wadda ake nema kuwa mahaifiyarsa ce.

Da hantsi madatsar ruwa ta ɓalle. Inna Azumi tana makewayi a bayan gida, ruwa ya yi awon gaba da katangar har da ita. Ƙanwar Tasi'u, Lantana, ce ta kira shi tana kuka.

"Yaya, wanka fa take yi ruwan ya zo. Ka ji ni? Wanka take yi."

"Na ji, Lantana. Ki bar mu mu yi aiki."

Ya ji ɗin, amma wallahi bai saurara ba. Shi ɗan fari ne. Tsohuwar nan ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba saboda kunya, ko ɗankwali ba ta taɓa cirewa a gabansa ba. Duk wannan bai faɗo masa a rai ba. Abin da ya tuna shi ne binciken da ya nuna wanda ya ɓata ya fi amsa muryar nasa. Sai ya ja makirufo, aka saki maganarsa ta lasifikar kowane Shaho.

"Inna, ni ne. Ki fito fili, ki ɗaga hannu. Kada ki ji tsoro, duk gari yana kallo."

Shahuna suka share bayan gidan, suka dawo suka sake sharewa. Lalube ta ce in da tsohuwar tana wurin, kashi casa'in da takwas cikin ɗari da an gan ta. Ta mayar da yankin fari fat a taswira, ta kwashi jirage da jiragen ruwa ta nufi ƙasan gulbi da su.

Lantana ta sake kira. "Yaya, ka janye tsuntsayen nan mana, mu mata mu shiga mu duba."

"Ku duba ina? An gama da nan! So kike ku je ku nutse a banza?"

Ya kashe wayar, ya sa aka killace unguwar. Haushinta ma yake ji, wai tana koya masa aikinsa.

Sai washegari da ruwa ya ja baya aka buɗe hanya. Lantana da matan maƙwabta suka kutsa cikin taɓo, kowace da zane a kafaɗa. Ba su yi nisa ba. A cikin kwalbatin da ke ƙarshen layinsu suka sami gawar Inna, can ciki inda siminti ya tare idon Shaho, ta takure, ta rufa da wani yagaggen buhu. Likita ya ce ba ruwa ne ya ci ta ba, sanyi ne, kuma ta daɗe da rai.

Tasi'u ya koma Cibiya ya buɗe hotunan jiya. Ga bakin kwalbatin. Ga wani abu ya leƙo, ƙafa ce, siririya, duk taɓo. Daidai nan muryarsa ta tashi a sama. Yana kallo ƙafar ta ja da baya a hankali, ta shige duhu. Lalube ta rubuta a gefe: tarkace.

Da ya isa gida mata suna ciki suna yi wa gawa wanka. Lantana ta fito zubar da ruwa, ta same shi a zaure. Ya buɗe baki, wai zai yi mata bayanin kashi biyun da lissafi bai rufe ba.

"Don Allah Yaya, rufe mini baki. Ta ji ka sarai. Kai ka ce mata duk gari yana kallo." Ta ajiye bokitin. "Tsohuwa ba ko ƙyalle a jikinta, ta fito ta ɗaga maka hannu? Ga jirage fal sama, ba wanda ya iya jefa mata zane."

Ta koma ciki, ta ja labule, ta bar shi a waje tare da sauran maza.