Ruwan da Ya Rage a Cikin Mukayyif

Ranar Talata da yamma Nuraddeen ya hau da mukayyif ɗin jirginsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, saman gidansu a unguwar Kurayyat ta Jidda, ya jingina shi da bango. Jirgin ƙarami ne, na kai masu sha'awar kamun kifi cikin teku. Shekara shida na'urar ba ta ba shi matsala ba: da zafi ta sanyaya ɗakin jirgin, da sanyi a juya ta ta ba da ɗumi. Ruwan teku take zuƙowa, ya zagaya cikin murɗaɗɗen bututu ya kwashe zafi, ya koma teku da ɗuminsa. A makon nan ruwan ya daina fita. Nuraddeen ya ɗauka toshewa ce. Ya rufe makullin ruwa, ya kwance ta, ya cusa tsumma a bakunan bututun don kada ta jiƙa masa mota.

Ana kiran magariba 'yarsa Sadiyya ta ajiye farantin da take wankewa, ta ce sanyi take ji. Watan Agusta ne, tsakiyar zafin Jidda.

Uwarta A'i ta lulluɓe ta da bargo biyu, haƙoranta ba su daina haɗuwa ba. Aka ba ta ruwa ta tofar. Washegari A'i ta same ta a kicin tana dama gishiri a kofi. A asibiti aka ƙara mata ruwa, aka ce ba a ga komai ba.

Gidan ya yi shiru irin na masu sauraro. Kullum rana na faɗuwa sai ƙananan duwatsu farare, jiƙaƙƙu, su fara gangarowa kan matakala ɗaya bayan ɗaya. Bangon ɗakin yarinyar yana zufa; A'i ta dangwala ta lasa, gishiri. Daga sama kuma ana jin gurnanin inji, alhali ba wayar da aka haɗa masa.

"Baban Sadiyya, me ka kawo mana gida?" in ji A'i, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙarfe ne kawai."

Ranar Juma'a leɓunan yarinyar suka tsage. Bayan la'asar Nuraddeen ya ɗauko Malam Muntaka daga unguwar Ruwais, dattijo mai ruƙiyya wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna a gefen katifa ya yi ta karatu. Can yarinyar ta tashi zaune, idonta a rufe.

A Jidda aka haifi Sadiyya, Hausarta rabi Larabci ce. Muryar da ta fito daga bakinta Hausa ce tsantsa, ta babbar mace.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Nawa ma bai yi wa kowa komai ba. Inda ruwan ɗumi ke fita daga jirgin mutumin nan nake kwantar da ɗana. Ya rarrafa ya shiga bututu. Shi kuma ya zo ya rufe, ba sallama, ba bisimilla, ya ɗauke shi ya ajiye a rana."

"Me ya hana ki ɗauke abinki?"

"Jariri ne, ba ya rayuwa sai cikin ruwansa. Tsumman yana tsotse ruwan, rana tana shanyewa. Yadda nawa ke bushewa haka taku za ta bushe."

A'i ta toshe bakinta da mayafi.

"Ya bar mini jirgin," in ji muryar.

"Ba ki da haƙƙi a jirginsa, ba ki da haƙƙi a jikin 'yarsa. Ɗanki za a mayar miki. Fita."

"Sai na gan shi."

Malam ya ce: "Ki rantse da Allah ruwan na taɓa teku za ki fita."

Ta rantse. Ta ce a kai shi kafin rana ta faɗi.

Nuraddeen ya hau sama. Ƙarfen ya ƙona masa hannu, tsumman ya bushe ƙayau. Ya karkata bututun cikin gorar roba, ya jira. Abin da ya ɗigo bai kai rabin kofin shayi ba. Da ya ɗaga gorar sai da ya sa hannu biyu. Ya san nauyin. Haka Sadiyya take ranar suna.

Ya ɗora ta a cinya ya ja mota. A kowace danja yana duban rana, yana duban ɗan ruwan da ke motsi ko motar na tsaye. Ya isa inda ake ɗaure jirage sauran jan rana kaɗan. Ya durƙusa a gefen jirginsa, daidai ƙofar da ruwan ɗumi ke fita, ya yi sallama, ya yi bisimilla, ya zuba. Gorar ta koma roba, ba nauyi. Teku bai ko motsa ba.

Wayarsa ta yi ƙara. A'i ce. A bayanta ya ji muryar da ya sani, a gajiye, tana ƙorafi:

"Umma, zafi marra. Wa ya kashe mukayyif? Ba ni moya, ƙishi nake ji."

Da ya buɗe na'urar bai ga abin da ya toshe ta ba. Ya mayar da ita, tana aiki har yau. Amma kafin ya rufe makullin ruwa yakan ƙwanƙwasa bututun sau uku, ya yi sallama, ya jira. Yawanci ba a amsawa.