Bakar da Gwaggo Ta Lanƙwasa

"Wa ya taɓa allon nan?!"

Muryar Abba ce, tsohon malamin lissafi. Auta ta saki tsintsiya ta ruga falo.

Jiya ya rubuta sharaɗin aurenta a allon, domin shi mutum ne da ba ya magana biyu. Sai wanda ya girme ta da shekara biyu zuwa goma: [2, 10]. Alamar baka mai kusurwa tana shigar da lambar da ke jikinta, mai lanƙwasa kuwa tana barin ta waje. Kafintan da take so ya girme ta da goma cif. Ɗan Gwaggo, da biyu cif.

Gwaggo ta gyara mayafi. "Yaya, haka na gan shi. Mai gudumar nan ya fita, sai haƙuri."

Kafinta na durƙushe bakin ƙofa, ya kawo kujerar Abba da ya gyara. Ya ajiye ta gefe. Namiji ke nan, ba mai surutun tasha ba.

"Shi ke nan, sanyin idona..." ya faɗa a hankali. "Maganar Abba ita ce magana."

Auta ta share hawaye ta dubi allon. Yarinyar da ta yi karatu ba ta tsayawa kuka kawai.

(2, 10].

"Abba, in karanta?"

"Karanta."

"Fiye da biyu, har zuwa goma. Goma na ciki... biyu ce a waje!"

"Ƙarya ne!" Gwaggo ta miƙe. "Ta ƙarshe ɗana ya ce in lanƙwasa, ita kuma na..."

Ta kama baki. Garin alli fari fat a yatsanta.

"Gwaggona," in ji Auta cikin ladabi, "ke daga dama kika koyi karatu, irin na ajami. Lissafi daga hagu yake farawa."

Abba ya daɗe yana kallon ƙanwarsa.

"Ni da hannuna na bar wa ɗanki ƙofa a buɗe. Ke kika rufe, ba ni zan buɗe ba." Ya juya ga Kafinta. "Kai kuma, turo manyanka."

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Ran Abba ya daɗe."

A soro ya raɗa mata, "Ashe a bakin gaɓa nake tsaye, zinariya?"

"A bakin gaɓa, amma a ciki."

"To ƙyauren ɗakinmu mai kusurwa zan yi."

Allon yana nan har yau. Abba ya hana a goge.